Lambar da Ke Cikin Ɗigo

Kwana biyu na yi daga Chiloé zuwa Valparaíso,
jirgin fito, sannan doguwar mota,
takarduna cikin leda a ƙirji
kamar wanda ya ɗauko ƙwai.

Gudu na yi shi. Iyo kuwa gadona ne.
Suka auna tsayi, suka auna nauyi,
suka leƙa haƙora kamar masu cinikin doki,
suka saurari zuciya, ta amsa lafiya lau.

Sai ɗaki na ƙarshe.
Wata likita mai furfura ta buɗe ɗan littafi,
shafi cike da ɗige-ɗige kamar ƙwan kifi.
"Wace lamba kake gani, Isaías?"
Na ce sha biyu. Ta juya shafi.
Na duba. Na ƙanƙance ido na sake dubawa.
Ɗigo dai ɗigo ne.
Na ce, "Babu lamba a nan, likita."
Ba ta ɗago ba. Alƙalaminta ne ya ba ni amsa.

Shekara sha takwas ina yawo da idanun nan
ban san ja da kore na yi mini wasan ɓuya ba.
Ta ce a teku, da dare, fitila ce bakin jirgi,
ja a hagu, kore a dama,
kuma wanda bai raba su ba
ba a damƙa masa rayukan mutane.
Na so in yi musu. Gaskiya ta riƙe mini harshe.

A ƙofa wasu samari suka zo wucewa a jere,
fararen huluna, ƙafa ɗaya, numfashi ɗaya.
Na matsa gefe na ba su hanya.
Nan ne ya fi ciwo:
ba wanda ya ture ni, da kaina na matsa.

Na iso gida ana ruwa. A tsibirinmu ruwa ba baƙo ba ne.
Babana, da ya riga ya shaida wa masuntan Quemchi kaf
cewa ɗansa zai zama hafsan ruwa,
ya fita gyaran komar da ba ta yage ba.
Kwana tara ban taka bakin gaɓa ba.
Askin da na yi tun kafin a ce in yi
ya fara tofowa, babu ruwansa da halin da nake ciki.

Ran na goma uwata tana feren dankali
ta ce, ba ta dube ni ba,
"Ta wajena ka samo shi.
Kakanka Nolberto ya taɓa shafe kwalekwalensa
rabi ja, rabi kore,
ya rantse fenti ɗaya ne.
Garin nan ya yi shekara yana dariya.
Shekara arba'in yana ratsa mashigin can cikin duhu,
da kunne, da hanci, da motsin ruwa a tafin ƙafa,
bai taɓa sumbatar dutse ba."
Na ce, "Shi ma da ba su ɗauke shi ba."
Ta ce, "Da ba su ɗauke shi ba." Ta ci gaba da fere.

Yanzu ina koyon gyaran inji a Puerto Montt.
Fistan bai taɓa tambayata launi ba.
In waya ta rikice mini, Yasna ƙanwata
na ɗaura wa ja zare, ta bar kore haka.
Takardar tana cikin gwangwanin shayi, ninki huɗu.
Ban ƙona ta ba, ban kuma sake karantawa ba.

Amma jiya jirgin sojan ruwa ya ratsa mashigi,
toka-toka, launin da ni ma na sani.
Sai da ya ɓace na lura
na miƙe tsam, dugadugai a haɗe,
baƙin mai na ɗiga daga hannuna.