Ba a Bango Aka Haifi Ruwa Ba

Na tambayi 'yan ajina a Lazare:
ruwan da kuka sha da safe, daga ina ya zo?
Gambi ta ce, daga bango.
Sahabi ya ce, daga kurar Ga-ruwa,
in ya ga dama ya biyo ta layinmu.
Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba,
kowa ya faɗi iyakar inda idonsa ya kai.

Washegari na zo da kwalba cike da kogin Isa,
ja wur, kamar an dama ƙasa.
Na ce, wa zai sha?
Hannuwa suka ɓuya ƙarƙashin tebur.
Na jefa ɗan alif, na ce ku zuba ido.
Laka ta soma haɗa kai,
ƙwaya ta kama ƙwaya, suka yi nauyi,
suka kwanta kamar awaki da azahar.

Muka yanke gindin gorar roba, muka kife ta:
ƙyalle a baki, sai gawayin da Tsahara
ta ɗebo a murhun uwarta ba da izini ba,
sai yashi, sai tsakuwa.
Ruwa ya sauko ɗis, ɗis, garau.
Sahabi ya miƙa baki, na riƙe wuyan rigarsa.
Ba kowane fari ne lafiya ba, yaro,
akwai maƙiyin da ido ba ya gani.
A Gudel sai an ɗiga magani, a auna, a sake aunawa.
Akwai masu kwana ido biyu
don ku sha ku yi barci.

Daga can inji ke tura shi sama, cikin shato,
mai dogon wuyan nan da kuke hange ta taga.
Don me sama?
Na ɗora bokiti mai tiyo bisa kaina,
ruwa ya tsinke a ƙafar Gambi, ta yi tsalle.
Na sauke shi ƙasa, tiyo ya yi gum.
Ku ɗaga shi kawai, shi ya san hanya:
ƙarƙashin kwalta, ƙarƙashin kasuwa,
ƙarƙashin tabarmar da kuke kwana.

Sai Illa, mai gyangyaɗin layin baya,
ya ɗaga yatsa, karo na farko a bana.
Madam, mu a Kwara Tegi
sai ƙarfe uku na dare famfonmu ke tari.
Ni ke jiran bido ya cika.
Shatonmu ne gajere, ko mu muka yi nisa?

Alli ya tsaya a hannuna.
Wata bakwai ina kiransa malalaci.

Na ce, gari ya fi tiyo saurin girma, Illa.
Ban san ko amsar ta ƙosar da shi ba.

Da aka tashi, na gan shi tsugune
gaban famfon makaranta, wanda ke zuba tun bara,
yana naɗe masa wuya da tsohuwar roba,
yana ja da haƙori.