Kafar Katanga

Ƙarfe biyu na dare, ɗakin na'ura a Ƙofar Ƙaura.
Sanyi na cizon yatsu,
korayen fitilu suna ƙifta ido kamar ba su san ni ba.

Waya ɗaya ce ke ratsa ƙarƙashin garin nan,
siririya, ba ta kai zaren kaɗi ba.
A cikinta banki na tafiya, makaranta na tafiya,
asibiti da masu casar shinkafa,
kafaɗa da kafaɗa, ba mai ganin ɗan'uwansa.
Shekara tara ke nan sana'ata:
ginin katangar da hannu ba ya taɓawa.

Yau takarda ta zo da sa hannun Malam Mannir.
Asibitin Ƙofar Sauri sun gaji da jiran ɗan acaɓa
ya kawo sakamakon jini cikin ambulan,
wani lokaci ruwan sama ya riga likita karantawa.
Suna son su leƙa ɗakin gwajin Hajiya Bara'atu.
A buɗe musu hanya, in ji takarda. Guda ɗaya.

Sai na tuna Tabawa, kakata, a Rafindadi.
Tsakaninta da Gwamma akwai katangar ƙasa,
a jikin katangar akwai kafa
daidai wucewar ƙoƙo.
Ta nan garwashi ke ƙetarawa da asuba,
ta nan gishiri, ta nan daddawa, ta nan labarin haihuwa.
Na taɓa tambayarta don me ba za a faɗaɗa ba.
Ta ce, yaro, in kai ya shiga
ai ta tashi daga kafa, ta zama ido.

Ban ji ba sai bara.
Na buɗe wa wasu mutum biyu, na manta ban tace ba,
adireshi ɗari huɗu suka kwarara kamar an fasa randa.
Gida biyu masu lamba iri ɗaya suka yi karo,
takardar albashin injin shinkafa
ta fito daga firintar makarantar 'yan mata.
Kwana uku Malam Mannir bai amsa gaisuwata ba.

Don haka yau a hankali.
Na ɗaura wa hanyar shaida a wuya
kamar tunkiyar da za a kai kiwo cikin na mutane.
Na ce wa wannan gida: wannan kaɗai za ka fitar.
Na ce wa wancan: mai wannan shaida kaɗai za ka karɓa.
Saura duk su tsaya a bakin zaure.

Na aika sallama.
Shiru.
Na sake. Shiru.
Shayina ya huce, wani sauro ya sami wuyana.

Ashe na gyara ta zuwa, na bar ta dawowa.
Saƙo ya isa, an ji shi sarai,
amsa ce ke tsaye ba ta san gida ba.
Tabawa ba ta taɓa miƙa ƙoƙo
ta juya baya ba.

Layi biyu na ƙara.
Amsa ta dawo, biyar cikin biyar.

Daga wajen Gobarau an fara kiran assalatu.
Wata da ban sani ba tana kwance a gado na sha ɗaya,
jininta zai riga ɗan acaɓa isa.
Na rubuta a littafin aiki: an buɗe ɗaya,
faɗinta ƙoƙo.
Na kashe fitila, na laluba takalmina.