Zaman Gindin Giyayya

Ni ne Zangina ɗan Makau,
Masunci tun ina tatata.
A bakin Marma aka binne cibiyata,
Kan gora na koyi ruwa.

A da in ka jefa birgi da hantsi,
Sai ka kira ƙane ya taya ka ja.
Bargi, kurungu, karfasa,
Ƙaramar tarwaɗa mu ce da ita:
Koma, sai shekara mai zuwa.

Sai kacala ta zo kamar baƙuwa,
Ta roƙi wurin shimfiɗa tabarma.
Kafin mu farga ta shaƙe Marma.
Na kife jirgina a tudu,
Kaji suka samu inuwa.

Dinya ta daina sauka,
Kirinjijiya ta ɗauke fito.
Jan-baki kaɗai ya samu masauki,
Shinkafar Lawandi yake sassaɓewa.

Bulama ya sa aka yi shela,
Ran Talata, gindin giyayya.
Kowa ya zo da yatsa a miƙe,
Ba wanda ya zo da kunnuwa.

Lawandi ya ce shanu suka rushe gaɓa.
Ardo Gide ya dogara sanda:
"To wa ya dasa albasa a mashaya?
Ina burtalin da kakana ke wucewa?"

Mu masunta muka ɗora wa na sama,
Masu buɗe madatsa in sun ga dama.
Kubura, 'yar ma'aikatar ruwa,
Da sandar awo da takalmin roba,
Ta ce: "Ban zo da buhu ba, iyayena.
Takardata ba ta san tsohuwar hanya ba,
Ku kuka san inda kogi ke ratsawa."

Aka yi ta cacar baki har la'asar.
Sai Tabawa mai banda ta miƙe,
Ta kwance ƙullin gefen zane,
Ta zazzage a faifai, kowa na dubawa.

Kifaye ne, ba su kai yatsa ba.
"Ni na saya, ni na ƙyafe," in ji ta.
"Wanda ya kamo yana zaune a nan.
Mun cinye iri, muna jiran tsirowa."

Ba ta kalle ni ba, da ma ta kalla.
Gidan sauron da aka ba matata
Shi na ɗinke na mayar koma.
Na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa,
Gumi har cikin ido yana zubowa.

Washegari muka shiga da lauje.
Kwana goma sha tara cikin laka,
Matsattsaku sun sha jininmu sun ƙoshi.
Ardo ya koro shanu ta inda muka sare,
Kofato na bin saiwa yana tattakewa.

Lawandi ya toshe ramin da ya haƙa,
Yana ƙunƙuni, amma ya toshe.
Ya ja kadadarsa baya taki ashirin.
Mata na ɗaure kacalar dami-dami,
Wai jinka ce, ba ta zubarwa.

Sarkin Ruwa ya kafa gora a gurbi:
Wata huɗu ba koma, ba mali.
Tanimu dai bai yarda ba har gobe,
Sau biyu ana kama shi da dare,
Yunwa ba ta jin faɗakarwa.

Ba zan ce kogi ya warke ba.
Giwar ruwa ba mu gan ta ba tukuna,
Jikana bai san kamanninta ba.
Kacala kuma kullum tana leƙowa.

Amma jiya da asuba na ji fito.
Na fita ba riga, na tsaya a gaɓa:
Kirinjijiya bakwai, na ƙirga sau biyu.
Can gefe bargi ta zagaye sheƙa,
'Ya'yanta baƙi ƙirin suna juyawa.

Birgi na kafaɗata, hannu na ƙaiƙayi.
Na daɗe a tsaye.
Na koma gida na tono jirgina,
Na aika a sayo ƙaro da ƙusa,
Kaji suka watse suna tsiwa.