Minti Goma Sha Bakwai

Barira ta kawo kilen ƙulle a gefen zane
kamar mai kai zubin adashe.
Ta ce, "Baba ne a ciki. Jibi sadakar arba'in.
Ka yanke mini inda akuya ta gitta,
ka sa sunansa a farko da manyan baƙaƙe."

Shagona na Mokoyo, bayan mai facin taya:
tebur guda, ordinatar guda, fanka mai tari.
Na loda.
Ga Baba Nomau a garkarsa ta Jiratawa,
tamaka ta ba shi rabin inuwa,
laka ta bushe masa har ƙwauri.

Fayil ya ce minti arba'in da ɗaya.
Layin montaj ya ce goma sha bakwai da daƙiƙa shida.
Ɗayansu na yi mini ƙarya.

Kuma ina ya ga damar tsayawa?
Daidai inda tsohon ya ɗaga yatsa:
"In za ka gina rijiya, kar ka tambayi mutum,
ka duba inda..."
Sai baƙi.

Na mai da shi baya. Yatsa, baƙi.
Na kashe, na kunna, na sauya masa suna,
na share tarkacen da inji ke ɓoyewa,
na hura kilen da baki, abin da ko yaro zai yi dariya.
Sau tara Baba Nomau ya ɗaga yatsa,
sau tara ya mutu a hannuna.
Wuta ta ɗauke. Na zauna da zufa
har Ila mai caji ya ja mini waya daga injinsa.

Da la'asar na kira Tsayabu a Damagaram.
Ya ce, "Fayil bai karye ba.
Wayar da ta ɗauka tafiyar makiyayi take,
nan ta yi sauri, can ta ja ƙafa.
Na'urarka kuwa soja ce, taku guda ta sani,
in ƙidaya ta ɓace mata sai ta ƙame.
Juye shi a sabon mazubi,
hoto ashirin da biyar kowace daƙiƙa."

Koren layi ya kama rarrafe.
Na sha shayi kofi biyu, na yi magariba,
shi yana saba'in da huɗu cikin ɗari.

Da safe Barira na tsaye a kaina.
Sha bakwai da biyar. Da shida.
Da bakwai.
Yatsan ya sauko, ya nuna ƙasa:
"...inda gara ke ɗaga danyen gini da bazara.
Ita ba ta kwana nesa da ruwa."

Daga nan hannun jikan da ke ɗauka ya gaji,
ya aje wayar rigingine bisa kunya.
Minti ashirin da huɗu
ba komai sai sama da ganye,
ƙarar famfo daga garkar maƙwabci,
kuɗa ya sauka a ido ya tashi,
da murya can gefe:
"Barira, ruwan nan fa? Ko sai na gina miki rijiyar?"
Sai dariya, sai tari, sai dariya kuma.

Na ce, "Nan babu hoto. In yanke?"

Ta daɗe tana kallon saman Jiratawa.
Ta kwance gefen zane, ta aje jika biyu a tebur.
Ta ce, "Akuyar ma ka bar ta."