Gurbi Na Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ni ce mai jefa igiya,
Zdravko ne mai sitiyari.
Bana hasken idonsa ya ƙare kamar man fitila,
sai muka yi musanyar wuri, ba wanda ya ce uffan.

Tun a bayan katangar duwatsu na sauke filafilai,
na rataya matasan roba a haƙarƙarin jirgi,
uku dama, uku hagu,
na warware igiyoyi, na kwantar da su inda hannu zai kai.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga Biograd, la'asar ta yi sanyi.
Jigunan jirage sun yi cirko-cirko kamar dajin da ba ganye,
wayoyinsu na kaɗawa, ƙil, ƙil, ƙil.
Gurbinmu na can ƙuryar layi,
tsakanin farin jirgin wani baƙo, mai ƙyalli kamar tangaran,
da tsohon kwalekwalen Ljubo mai ƙarnin kifi.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima:
taƙi biyu nan, taƙi biyu can, shi ke nan.

Jirgi ba shi da birki, Nevenka,
haka yake ce mini tun muna da baƙin gashi.
Kada ki tunkari kwata da gudun
da ba za ki yarda ki doke ta da shi ba.

Na sa ribas.
Farfela ta ja gindin jirgi hagu, halinta ne, na sani,
amma iskar bura ta gangaro daga duwatsu ba sallama,
ta kama goshinmu ta tura.
Farin jirgin nan ya yi ta girma a idona.
Mai shi ya miƙe da kofi a hannu,
masu shan gahawa a bakin kwata suka juyo da kujerunsu.
Kunya ta ce in ƙara wuta.

Fita, in ji Zdravko, a hankali,
kamar mai neman a miƙo masa gishiri.
Teku ba ta ƙirga sau nawa aka gwada.

Na fita. Na yi kewaye a fili, kunnuwana na zafi.
Ya ce, kin tuna zanen nan na ɓarin dama
da na ce miki yara ne suka yi?
Ni ne. A wannan gurbin. Idona biyu garau.

Karo na biyu na faro daga nesa,
na ba iska rabonta tun kafin ta tambaya.
Giya, firi. Giya, firi.
Kamar mai ba jariri ruwa da cokali.
Shi kuwa ya cire hula, ya karkata kai,
ya miƙa wa sama kuncinsa.
Dakata. Tana nan.
Dakata.
Ga ta ta ja numfashi, yanzu!

Muka sulale da baya,
roba ta goga roba, ta yi ɗan kuka ta yi shiru.
Ban sa hannu tsakanin jirgi da jirgi ba,
yatsan Ljubo uku sun koya wa kowa wannan.
Igiyar ɓarin iska na fara jefawa,
yaron tasha, Frane, ya cafe ta, ya naɗa a ƙarfe,
sannan ta biyu,
sannan ta goshi, mai laka da gansakuka.

Na kashe inji.
Masu gahawa suka mai da kujerunsu, ba abin kallo.

Zdravko ya lallaba har gefe,
ya miƙa hannu, ya taɓo jikin farin jirgin,
ya auna tazarar da tafinsa.
Bai ce komai ba, ya mai da hularsa.
Ni kuwa sai da na ɓamɓare yatsuna daga sitiyari
ɗaya bayan ɗaya,
kafin na iya ɗora mana ruwan shayi.