Babban Baƙi

Da la'asar sakaliya nake rufe rumfa a 'Yar Kutungu,
in karkaɗe ƙaiƙayi daga hula,
in bi lungu zuwa ajin manya na bayan Ƙofar Marusa,
inda bencin yara ba ya shiri da gwiwata.

Malam Lurwanu, sa'an ɗana na uku,
ya ce yau darasin suna ne a Turanci.
Na ce a raina, suna kuma?
Ni da na yanka rago tara,
ai ba a koya mini suna ba.

Ya ja layi da alli, ya raba allo gida-gida.
Nan gama-gari, in ji shi:
buhu, ƙofa, jaki, gari,
sunan da kowa ke sha kamar randar masallaci.
Can kuma tattarau, kalma ɗaya mai ɗaukar taro.
Wai Bature bai yarda da garke guda ba,
na shanu daban, na tumaki daban,
har kifi a ruwa an yanka musu nasu.
Haladu mai shayi ya ce, to mu fa,
tsofaffi sha ɗaya masu lasar fensir,
me ake kiranmu?
Malam ya yi dariya bai amsa ba.

A kan ƙirgau muka yi rigima.
Ƙwai na ƙirguwa, na yarda.
Gero ba ya ƙirguwa, sai dai awo,
wannan ko tiyata ta sani.
Amma da ya ce kuɗi ma a Turanci ba a ƙirga su,
sai na miƙe.
Shekara arba'in ina lasar yatsa bayan isha'i,
ina jera ɗari biyar-biyar a ƙarƙashin fitila,
yau yaro ya ce abin da nake yi ba ya yiwuwa.
Ya ce, Baba, naira ake ƙirgawa, kuɗi kuwa kamar ruwa ne.
Na zauna.
A nan kam Bature ya yi gaskiya,
na ga yadda suke bi ta tsakanin yatsu.

Sai ɓoyayyen suna,
abin da ido bai gani, hannu bai taɓawa:
haƙuri, tsoro, gaskiya, kewa.
Ya rubuta kewa a ƙarshen layi
ya ce ba ta da nauyi, ba ta da launi.
Ban yi gardama ba wannan karon.
Bai taɓa shiga ɗaki da magariba
ya tarar da tabarma ɗaya a naɗe ba.

Ana gab da kiran salla ya zo kan sunan yanka.
Shi, in ji Malam, ba ya shiga sahu da ƙaramin baƙi.
Ko a tsakiyar jimla ya faɗo,
harafin farko sai ya miƙe tsaye.
Katsina. Jibiya. Talata.
Kowa ya rubuto guda ɗaya daga gida.

Da dare na buɗe littafi a kan buhun wake.
Shekara talatin da shida muna tare
ban taɓa kiran sunanta ba.
Ke, nake cewa. Ko uwar yara.
Ko in yi gyaran murya, ta gane.
Duk da gama-gari na kira ta,
har ranar da aka fita da ita ta ƙofar zaure.

Na fiƙe fensir da reza.
Na ja sanda doguwa, na yi mata ciki biyu,
ya karkace, na goge da yawu, na sake.
Barira.

Ga shi nan a tsaye, ya fi sauran tsawo.
Na duba ƙofa, babu kowa,
sai na karanta shi a bayyane,
sau ɗaya.

Washegari Malam ya sa jan biro ya ba ni maki,
ya ce, Baba, wace ce?
Na ce, ci gaba da darasi, yaro,
rana na yi.