Rumfa ta Arba'in da Ɗaya

Tun ladan bai gyara murya ba muka fara lodi,
mu tara, 'yan ƙungiyar lambu ta Kabala,
wani da tocila a baki, wani dafe da ƙugu.
Akori-kurar Iliya na tari a bakin kogi,
muna jera mata gwangwanayen fenti
da bokitan da suka yi ritaya daga wanka
suka koma riƙon ƙasa.

Baba Tanimu bai yarda a taɓa lemonsa ba.
Shekara shida yana ɗaura masa aure:
reshe guda tsami, reshe guda zaƙi,
na uku tanjarin, duka a gindi ɗaya.
Tun da masaƙa ta sallame shi
yatsunsa ke neman abin ƙullawa.
Ya rungume tukunyar kamar jinjiri ranar suna,
muka tokare ta da wata kabewa
don kada ta mirgine.

A Kawo rami ya gaishe mu.
Furen da Saratu ta yi wata uku tana lallashi
ya tuɓe jar rigarsa nan take.
Ba ta ce uffan ba. Ta tsince ɗaya bayan ɗaya,
ta ƙulle a haɓar zane.

Filin baje koli ya cika ya batse.
Manyan gonaki sun zo da motoci masu sanyi,
da furannin da harshe ke tuntuɓe a sunansu,
har ciyawarsu an yi mata aski.
Mu Larai ce ta rubuta mana suna
a bayan kwalin sabulu.
Aka ba mu rumfa ta arba'in da ɗaya,
can ƙarshe, maƙwabtan janareta.

Alƙalai uku suka iso da rana tsaka.
Mai tabarau ta zagaya lemon sau biyu,
ta ce, Baba, me kake ba shi?
Ya ce, kashin kaji, da ruwan kogi,
da gaisuwa kowace safiya.
Na leƙa takardarta:
biyu ta rubuta, ta bar na ukun.

Wata dattijuwa ta tsaya gaban ɗoɗɗoyata,
ta murza ganye ta kai hanci,
ta daɗe ido a rufe.
Ta ce, haka bayan ɗakin innata yake a Kagoro.
Na karya mata reshe.
Ta buɗe jaka, na ce ta mayar,
ni ma a kan katanga aka miƙo mini.

La'asar sakaliya lasifika ta fara kiran sunaye.
Lemo shiru. Fure shiru. Na'a-na'a shiru.
Sai ga Kabala, ta uku, a layin kayan miya:
kabewa!
Kabewar da babu wanda ya shuka,
wadda ta fito don kanta a kan jujinmu,
wadda ta zo a matsayin matokari.
Iliya ya yi dariya har ya zauna a kan yakuwa.

Tanimu bai ma ji ba.
Wani yaro ya tsare shi da tambaya,
yaya uku suka yarda da uwa ɗaya?
Ya zaro reza daga cikin hula,
ya durƙusa yana nuna masa
inda ake yanka, inda ake ɗaurewa,
da yadda ake barin rauni ya huta.

Mun koma da butar ban-ruwa, koriya shar,
da gardamar gidan da za ta kwana.
Saratu ta kwance haɓar zanenta,
ƙamshi ya rufe warin hayaƙi har gada.
Larai ta ce baɗi a shuka kabewa da gangan.
Tanimu ya ce, ku dai ku bar juji ya yi aikinsa,
gobe layin wa ne ban-ruwa?

Nawa ne. Na yi shiru, ina kallon kogi.